Wakilin Ma'u a Ajin Karatu

Ranar da aka buɗe ajin, mu mata ashirin da uku ne a takarda, amma da Malama Adila ta ƙirga kawuna sai ta samu ɗankwali ashirin da biyu da hula ɗaya.

Hular ta Malam Badamasi ce, mijin Ma'u, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu a Gagulmari. Ya kame a bencin gaba, ya harɗe ƙafa, babbar rigarsa ta cinye wurin mutum biyu, sai tashin turare yake kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ni sunana Ummussalma. Shekara tara ina turara shinkafa a wani kamfani nan bayan garin Haɗejiya, ba zan kama sunansa ba don har gobe a can nake ci. Ma'u ta riga ni da shekara biyar, kuma duk rumfarmu ba wanda ya san shinkafa kamarta. Ƙwaya ɗaya za ta ɗora a haƙori ta gaya miki irinta, ta gaya miki kwana nawa ya rage ta bushe. To sai aka kawo sababbin injuna. Kowane buhu aka rataya masa 'yar takarda a wuya, da sunan iri da lambar danshinsa, mai karɓa ta karanta ta cika fom. Manaja Misbahu ya tara mu ya ce wata ƙungiya daga Dutse ta ɗauki nauyin koya mana karatu da rubutu, wata uku, bayan la'asar, Litinin da Laraba da Asabar. Wadda wata ukun ya cika ba ta iya karanta takardar buhu ba, ta nemi wani wurin. Ya ƙara da cewa akwai littafi da biro kyauta, da robar abinci mai nama yanka biyu, da lemo mai sanyi.

Wannan ƙarshen maganar ne ya isa gidan Ma'u kafin ita ta isa.

"Malam, ajin mata ne fa," in ji Malama Adila.

"Na sani, Malama. Ni wakili ne."

"Wakilin wa?"

"Na iyalina, Asma'u Garba. Duba lamba ta bakwai."

"Ai ba a wakilci a karatu, Malam."

"Haba Malama! Aurenta ma wakili ne ya ba da shi, ko ƙofar masallacin ba ta taka ba, ga shi nan shekara ashirin da biyu yana nan daram. Karatu ya fi aure ne?"

Muka kwashe da dariya. Allah ya yafe mana, har da ni, ni ce ma na fi kowa buɗe baki.

Ya gyara zama ya yi mana bayani. Matar aure ta fita tun asuba ta dawo azahar, sannan ta sake fita bayan la'asar, to wa zai tuƙa tuwo? Ga leburori ƙarti suna wucewa ta gaban rumfar ko riga babu. Shi ya sa ya yanke shawara, saboda tausayinta, ya zo ya karɓo karatun ya kai mata har tsakar gida ya sauke mata a tsanake.

Malama Adila yarinya ce da ba ta daɗe da gama makarantar koyon malanta ba, ta fita da sauri ta kira manaja. Misbahu ya leƙo, ya dubi Badamasi, ya dubi agogo.

"Malama, mutanen Dutse suna ashirin da uku suke so, da sa hannu ashirin da uku. Ba su ce a duba gemu ba."

Shi ke nan. Badamasi ya karɓi biro ya zana Asma'u Garba a rajista, har da wata 'yar lanƙwasa a ƙarshe.

Abin haushin, mutumin ya gama firamare tun zamanin da. Ba abin da ake yi a ajin da bai sani ba. Mu muna can muna gumi, muna riƙe biro kamar muciya, Malama ta ce, "B da A?" kafin mu haɗa numfashi ya daka, "BA!" ya waiwayo yana kallonmu da tausayi. In an raba abinci ya cinye nasa tas, ya tambaya ko akwai wadda ba ta cin nama. Aikin gida kuwa a majalisarsu yake yi, gindin dalbejiya, abokansa na kallo suna cewa, "Malam, boko ya dawo ke nan?" Tun da ambaliya ta cinye gonarsa shekara huɗu da suka wuce a nan gindin bishiyar yake jiran ruwa ya janye, alhali maƙwabtan gonar sun girbe sau uku.

Katangarmu gajera ce, komai ina ji.

"Baban Amira, me aka koya yau?"

"Yau gabatarwa ce kawai."

Ranar Laraba: "Baban Amira, karatun fa?"

"Ke Ma'u, kaina sarawa yake. Kin san wahalar karatu da girma kuwa? Ba ni ruwa."

Ranar Asabar ya miƙa mata robar abincin, wayam, ya ce ta wanke za ta yi amfani wurin ajiye daddawa. Wannan robar ita ce abu na farko da ya iso hannun Ma'u daga makarantarta.

A sati na uku ta tsare shi, ta ce yau sai ya koya mata. Ya ce to, ya sa ta share tsakar gida, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo kunu. Ya ɗauki tsinke ya zana harafi ɗaya a ƙasa ya ce ta yi irinsa. Ta yi, harafin ya ɗan kwanta gefe guda.

"Kin gani ko? Kin gani? Da ke kika je da kanki da yanzu kin gama kunyata ni a gaban jama'a."

Ya shanye kunun, aka tashi makaranta.

Sai ta fara shigowa wurina bayan azahar, in ya yi barcin rana. Ni mijina ya rasu, ba mai ce min ina za ki. Ni kaina da harafi goma sha ɗaya na fi ta, amma muka samu gawayi muka hau bangon kicin ɗina. Wallahi kan Ma'u ja yake. Abin da ya ci min sati ita a wuni ɗaya take ɗauke shi, tana yi tana dariya tana rufe baki da mayafi kamar mai sata. Kwana huɗu muka yi. A na biyar Badamasi ya ga baƙin gawayi a yatsunta.

Har zaurena ya yi sallama.

"Ummu, ke da jiya-jiya kika koyi riƙe biro, za ki lalata min ɗaliba? Makaranta biyu rikita mutum take yi. Ni ina bin tsarin Malama, ke kina bin tsarin gawayi."

"Malam Badamasi, ai kai ko tsarin gawayin ba ka ba ta ba."

"Tara mata nake yi. In ya taru sai in ba ta gaba ɗaya."

Na ce tabɗijam, karatu ya zama adashi. Bai yi dariya ba. Ni na san abin da yake tsoro: ranar da Ma'u ta iya haɗa baƙi za ta ce bencinta take so, shi kuma ya koma gindin dalbejiya ba nama ba lemo, ba mata ashirin da biyu da zai fi su sani.

Uwarsa, Iya, ita ta ƙarasa aikin. Daga kan tabarmarta ta ɗaga murya don in ji: "Mu da muka haifi goma ba mu san boko ba mutuwa muka yi? Ɗana ya zubar da girmansa yana zama cikin mata dominta, ko sannu ba ta ce masa, sai yawon gidan zawarawa." Daga ranar aka hana Ma'u shiga gidana.

A wurin aiki da farko ta yi ta lallaɓawa. Takardun buhun masu launi ne, na shinkafa jamila kore, na faro ruwan ɗorawa, sai ta bi launi. Fom kuwa ni nake cika mata a ɓoye da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Wata na biyu aka mayar da ni ɓangaren shanya. A satin kuma takardu masu launi suka ƙare, aka kawo farare fat, aka kuma ce kada a sake farke buhu sai a bakin tukunya, lebura ya juye kai tsaye. Haƙorin Ma'u ya tashi aiki.

Ranar wata Talata ta sa aka juye jamila da faro a tukunya ɗaya. Ɗaya ta nuna, ɗaya ba ta nuna ba, da aka kai inji rabinta ta fito gutsi-gutsi kamar tsaki. Matar da shekara goma sha huɗu ba ta taɓa ƙona ƙwaya ba, Misbahu ya tsaya a kanta gaban leburori yana yarfa hannu.

"Ba takarda a wuyan buhun? Ba ki da ido?"

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Kina zuwa aji, ba ki taɓa fashi ba, ga rajista nan. Me kike koya?"

Shi da bakinsa. Shi da ya ce ba a duba gemu. Na tsaya da rariya a hannu ina kallonsa, ko idonsa bai ƙifta ba.

Daga nan ta koma bin 'yan matan rumfarmu sa'annin 'yarta da takarda a hannu: "Don Allah 'yar nan, duba min wannan." Wasu su duba, wasu su ce, "Kai Anti, ke da kika fi kowa maki?" su fashe da dariya. Ta daina cin abincin rana. Zanenta ya fara kewaye ta sau biyu. A hanyar gida sai in ga ta tsaya tana kallon rubutun bayan a-daidaita-sahu har ya ɓace, ko ta ɗauki gwangwanin tumatir tana jujjuyawa. Wata rana muna tsallake kwalbati ta ce min, "Ummu, da in na shiga rumfar nan ni ake tambaya. Yanzu in na ga buhu gabana faɗuwa yake." Na ce mata Allah yana nan. Ta ce ta sani.

Saura sati biyu ta durƙusa masa, ina ji ta katanga.

"Baban Amira, don girman Allah ka bar ni in je ko na kwanakin nan da suka rage. Aikin nan da shi muke ci."

"Sai yanzu? Sai da na kai ki shafi na talatin? Ki je ki zauna kina kame-kame ki ɓata sunan da na gina miki? Ke kin san ke ce ta ɗaya a ajin kuwa?"

"Ni ce ta ɗaya, amma ban iya ba."

"To ai iyawar na gida. Gida ɗaya muke. In kina son karatu ki tambaye ni, ina zan je?"

Maganar ta ɗaya ba ƙarya ya yi ba. An kwashe littattafanmu an kai Dutse, shugabar shirin, Hajiya Halimatus Sa'adiya, ta duba da kanta. Ta aiko cewa littafin Asma'u Garba ya ba ta mamaki, ranar yaye ɗalibai za a ba ta kyautar waya, kamfani kuma ya ɗora ta kan karɓar kaya gaba ɗaya. Malama Adila ta shiga ofis idonta jajir ta ce ita kam za ta faɗi gaskiya. Misbahu ya jawo rajista ya nuna mata ƙasan kowane shafi, inda ita ma take sa hannu. Ta fito shiru. Ni ma da nake ba ku labarin nan shiru na yi, don ina da yara huɗu da takardar shaida da nake jira.

Badamasi kuwa dabara ta faɗo masa. Tunda a ƙarshen littafi akwai ɗan labarin da ake sa mu karantawa, ai shi za a ce ta karanta. Sai ta haddace. A kwana ukun ƙarshe ya koyar da abin da bai koyar ba a wata uku, tun magariba muryarsa ke tsallake katanga:

"Shinkafa abinci ce mai kyau! Maimaita!"

"Shinkafa abinci ce mai kyau."

"Manomi yana shuka ta a fadama! Ki riƙa bin layin da yatsa, kina ɗan tsayawa kamar mai tunani!"

Kafin a kwanta ta haddace shafin duka. Sauran kwana biyun koyon tafiyar yatsa aka yi.

Ranar yaye an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauko mai hoto. Badamasi ya sha sabuwar shadda ya zauna layin gaba kusa da manyan baƙi, yana gaya wa na kusa da shi cewa shi mutum ne mai son ilimin mata. Aka raba abinci tun kafin jawabi, ya buɗe nasa. Aka kira Asma'u Garba. Ta tashi ta fito da littafi a ƙirji, ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa.

Hajiyar ta yi murmushi ta ce, "A'a 'yar'uwa, ajiye littafin, wannan kowa ya iya. Mu abin da ya kawo mu aiki ne." Ta sa aka jawo buhu ɗaya gaban jama'a, ta ɗaga 'yar takardar wuyansa. "Karanta mana wannan."

Ma'u ta dubi takardar. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi cikin robarsa. Sai ta sa yatsa ta wata 'yar ɓula a gefen buhun ta zaro ƙwaya, ta ɗora a haƙori.

"Jamila ce, Hajiya. Ba ta gama bushewa ba, tana son rana ɗaya da rabi."

Hajiyar ta duba takardar, ta ɗaga gira. "Haka ne kuwa. To karanta min yadda aka rubuta shi."

Ma'u ta sauke littafin a kan buhun a hankali.

"Hajiya, ni ban taɓa zama ajin nan ba ko sau ɗaya. Ga wanda ya zauna can."

Kowa ya juya. Badamasi na riƙe da cinyar kaza, rabi a baki rabi a waje. Mai hoto, Allah ya yi masa albarka, ya ɗauka.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ba. Hajiyar ta nemi rajista. Misbahu ya rantse da Allah shi bai san komai ba, shi ofis yake zama, ashe wasu ma'aikata suna ha'intar kamfani a bayan idonsa. Malama Adila ta fashe da kuka. Mu ashirin da biyu aka miƙa mana takardunmu a tsaitsaye, ba tafi ba guɗa. Ranar Litinin Ma'u ta zo aiki kamar kullum, maigadi ya tare ta a ƙofa ya miƙa mata ambulan, yana kallon ƙasa.

Kun ɗauka Badamasi ya ji kunya? A ranar da yamma yana gindin dalbejiya yana kai ƙara. Wata uku yana shan rana domin matar nan, yana zama cikin mata, a ƙarshe ta nuna shi da yatsa a gaban baƙi. Da ta yi tari ta ce maƙogwaronta, da ta ce ta manta tabarau, da yanzu waya na gida. Iya ta ce dama ita ta san bokon nan ba alheri, ga shi ya raba yarinya da aikinta. Washegari ma har ofis ya je, ya ce tunda shi ne ya yi karatun, a ba shi aikin, in ba hali a ba shi wayar. Misbahu ya ce maigadi ya raka shi.

Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya zage ta, shi ya sa in kin ba da labarin a unguwa dariya ake yi, a ce kai Badamasi ba dama. Ni ma na yi dariyar, na gaya muku. Amma mutum ya zauna a kujerar matarsa ya cinye rabonta a gaban mu ashirin da biyu, da malama, da manaja, sau uku a sati har wata uku, kowannenmu da dalilinsa na yin shiru, kuma duk cikinmu ita kaɗai aka kora. Wata mai zuwa za a buɗe wa leburori maza nasu ajin. Na tambaya, ba wanda ya ce zai turo matarsa ta wakilce shi.

Ranar Laraba bayan azahar Ma'u ta shigo gidana, ta ƙofa, ba ta tambayi kowa ba. Ambulan ɗin na hannunta a manne yadda aka ba ta. Ta ce Badamasi ya yi ta cewa ta kawo ya karanta mata, ta hana.

"Ke nake so ki karanta min, Ummu. Yadda yake. Kar ki rage komai."

Na goge hannuna, na farke. Ban taɓa karanta wasiƙa ba a rayuwata, wannan ce ta farko. Na bi ta gaɓa-gaɓa, ina tuntuɓe ina komawa baya, ita tana zaune bakin turmi tana jira. Kamfani yana sanar da ke. Daga yau. Ba ya buƙatar aikinki. Da na zo kalmar da ke gaba na tsaya, na yi kamar ta gagare ni.

"Faɗi."

"Saboda yaudara."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Ina sunana yake a nan?"

Na ɗora mata yatsa a kai. Ta daɗe tana kallon wurin, har na fara jin kukan yara a waje da sallamar mai ruwa. Sannan ta ninke takardar gida huɗu ta soke a bakin zane, ta miƙe.

"Gobe za ki je aiki?"

"Zan je."

"To tukunya ta uku tana yoyo ta gindi, ni kaɗai na sani. Ki gaya wa wadda aka ba, kar ta ƙone ƙafa."